Kamfaninmu ya yi wa ma'aikata alkawarin hannun jari: yaya zan shigar da shi a littafi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ne a wani kamfani a Jidda da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Tadawul. A watan Janairun 2024 an raba wa ma'aikata 200 takardu cewa kowa zai samu hannun jari 500 kyauta idan ya cika shekara uku yana aiki. Farashi a ranar riyal 40 ne. Daga baya kamfani ya sayi hannayen jari 100,000 a kasuwa a kan riyal 46 ya ajiye domin shirin. Manajanmu ya ce kada in rubuta komai a riba da asara sai ranar da aka miƙa wa mutane, kuma ranar in yi amfani da riyal 46 ɗin da aka biya. Akwai kuma shugaban zartarwa, wanda mamba ne a majalisar daraktoci, shi nasa yana da sharaɗi. Wasu baƙin ma'aikata kuma kuɗi za a ba su daidai da darajar hannun jarin. Ina neman haske."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: yaushe ake fara rubuta ɗawainiyar, da wane farashi ake auna ta, sannan ko duk waɗanda aka yi wa alkawari hukuncinsu ɗaya ne. A kan na farko da na biyu maganar manajanku ba daidai ba ce, kuma idan kuka bi ta odita zai dawo muku da littafin. Bari in nuna dalili, domin ka iya zama da shi ka fahimtar da shi da hujja.

Mizanin da ke hukunta wannan babi shi ne IFRS 2, mizanin biyan da ake yi da hannun jari, wanda IASB, hukumar da ke tsara mizanan akanta na duniya, ta fitar a Fabrairun 2004, ya fara aiki daga 2005. A nan Saudiyya, tun farkon 2017 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suke bin mizanan IFRS kamar yadda hukumar akantoci ta SOCPA ta amince da su, don haka ba zaɓi gare ku ba. Kafin wannan mizani ya zo, kamfanoni da yawa, musamman a Amurka, sun sha biyan manyan ma'aikatansu da hannun jari ba tare da ko kwabo ya bayyana a ɗawainiya ba, riba ta kumbura a takarda alhali masu jari na asali kasonsu ne ke raguwa. Tunanin da ya gyara lamarin mai sauƙi ne. Ma'aikaci ya yi wa kamfani hidima, kamfani ya amfana da hidimar ya cinye ta. Hidimar da aka cinye ɗawainiya ce, ko da riyal aka biya ta, ko da mota, ko da wani yanki na kamfanin kansa. Abin da ake rubutawa shi ne gumin ma'aikaci, hannun jarin ma'auni ne kawai da ake auna gumin da shi, tunda ba wanda zai iya ware maka darajar hidimar da aka yi musamman domin wannan kyauta daga wadda aka yi domin albashi.

Ranar bayarwa, da farashin da ba ya motsi

Ga ma'aikatan da za a miƙa wa hannun jari na zahiri, ana auna ƙimar gaskiya, wadda a ofisoshin nan kuke kira ƙima adila, a ranar bayarwa, sannan a daskarar da ita. Ranar bayarwa ita ce ranar da kamfani da ma'aikaci suka samu fahimta ɗaya a kan sharuɗɗan, kuma duk amincewar da ake buƙata ta samu. Wannan ƙarshen yana da muhimmanci a nan, domin ƙa'idojin Hukumar Kasuwar Kuɗi, CMA, sun wajabta cewa tsarin kamfani ya halatta shirin, kuma babban taron masu hannun jari na musamman ya amince da shi. To ka duba takardunku. Idan taron ya amince tun kafin Janairu ya kuma wakilta majalisar daraktoci ta tsara sharuɗɗa, ranar da aka sanar da ma'aikata suka karɓa ita ce ranar bayarwa, riyal 40 ɗinka ya zauna. Idan kuwa takardun sun riga taron fita, aka ce "bisa sharaɗin amincewar taro", to ranar taron ce ranar bayarwa, farashin ranar za ka ɗauka. Amma ko a haka ba za ka jira ba: tun Janairu za ka fara rubutawa da ƙiyasi tunda mutane sun fara hidimar, idan ranar ta zo ka daidaita.

Akwai wani gyara da ake yawan mantawa. Shin ma'aikacin zai ci rabon ribar da za a yi a cikin shekara ukun nan, ko a tara masa? Idan zai ci, ƙimar ita ce farashin kasuwa cif. Idan ba zai ci ba, abin da aka ba shi bai kai hannun jarin da ake sayarwa a kasuwa ba, sai a cire darajar yau ta rabon da zai wuce shi. Hannun jarin riyal 40 da ke raba riyal 2 duk shekara, idan aka mayar da rabon shekara uku zuwa darajar yau da kashi 5 cikin ɗari, za a cire wajen riyal biyar da rabi, ƙima ta koma kusan 34 da rabi. A kan hannun jari dubu ɗari wannan ya haura rabin miliyan, ba abin da za a kau da kai ba ne. Zan ci gaba da 40, a kan cewa ana tara musu rabon.

Yanzu lissafin. Farashi a daskare yake, abin da ke motsi shi ne adadin mutanen da kake tsammanin za su cika wa'adi. Ƙarshen 2024, ka duba tarihin barin aiki a kamfanin, ka ga cewa mutum 180 ne ake sa ran za su kai. 180 sau 500 sau 40 ya ba da riyal 3,600,000. Shekara ɗaya cikin uku ta wuce, sai ka rubuta 1,200,000: madin (wato debit) a ɗawainiyar ma'aikata, da'in (wato credit) a wani asusu na musamman cikin haƙƙin masu jari, wanda ake kira ihtiyaɗin shirin hannun jarin ma'aikata. Tunda kuna fitar da rahoto duk wata uku, a aikace 300,000 ne kowane zango, ba dunƙule ɗaya a Disamba ba. Ƙarshen 2025 ƙiyasi ya sauka zuwa 171. Jimla ta zama 3,420,000, kashi biyu cikin uku 2,280,000 ne, ka cire 1,200,000 da ka riga ka rubuta, ɗawainiyar shekarar 1,080,000. Ba a komawa a taɓa shekarar da ta wuce, sauyin ƙiyasi yana sauka ne a shekarar da aka gane shi. Ƙarshen 2026 aka ƙirga, mutum 172 suka cika. Jimla 3,440,000, ka cire 2,280,000, saura 1,160,000. Ko farashi ya hau 70 ko ya faɗi 25 a tsakani, waɗannan alƙaluma ba za su canza ba.

A ina riyal 46 ya shiga?

Bai shiga riba da asara ba sam. Sayen hannun jarin kamfani da kamfanin kansa ya yi mu'amala ce da masu jari, kuma mizanin IAS 32 ne ke hukunta ta. Ranar saye za ka rubuta madin 4,600,000 a hannayen jarin ajiya, ashumul khazina, wanda ake nuna shi a matsayin ragi daga haƙƙin masu jari, da'in kuma a banki. Ba kadara ba ce, ba a sake auna ta da farashin kasuwa, ba a samun riba ko asara a kanta. Ranar miƙawa za a fitar da 86,000, wato 172 sau 500. Kuɗin sayensu 3,956,000 ne, ihtiyaɗin da ka tara 3,440,000. Ka rufe ihtiyaɗin, ka sauke hannayen jarin ajiya, bambancin 516,000 ya tafi kai tsaye ga ribar da aka tara, duk a cikin haƙƙin masu jari. Sauran 14,000 da kuɗinsu 644,000 suna nan a ajiya har a yi wani rabon ko a sayar.

Na fahimci abin da ke jan manajanku. A idonsa kuɗin da ya fita daga banki shi ne gaskiya, kuma ba ƙarya ya yi ba cewa masu jari sun ji fitar riyal 46. Amma shawarar yaushe za a saya da nawa za a saya shawarar sashen kuɗi ce, ba ta da alaƙa da darajar aikin da ma'aikaci ya yi. Da kamfani ya sayi rabin a 38 rabin a 54, ko ya fitar da sababbin hannayen jari bai sayi komai ba, hidimar da aka karɓa ita ce dai. Dubi Aramco: lokacin da ta shiga kasuwa a Disambar 2019 ta sayi hannun jari kimanin miliyan 117 daga gwamnati a kan riyal 32, jimla riyal biliyan 3.75, domin shirye-shiryen ma'aikata. Wannan kuɗi a hannayen jarin ajiya ya zauna, ɗawainiya kuwa tana tasowa ne duk lokacin da aka yi wani rabo, da ƙimar ranar rabon.

Shugaban zartarwa da sauran daraktoci

Ta fuskar mizani, darakta ma'aikaci ne. IFRS 2 ya haɗa duk masu tsara al'amuran kamfani da tafiyar da su, har daraktocin da ba na zartarwa ba, cikin "ma'aikata da masu yin irin hidimarsu", don haka ma'auni ɗaya ne: ƙimar ranar bayarwa. Amma ta fuskar doka akwai shinge a Saudiyya. Ƙa'idojin CMA sun hana shigar da daraktocin da ba na zartarwa ba cikin shirin hannun jarin ma'aikata, kuma daraktocin zartarwa ba sa jefa ƙuri'a a kan shawarwarin majalisa da suka shafi shirin. Saboda haka ka nemi rubutaccen bayanin zaman da aka amince da kason shugabanku, ka tabbata an rubuta cewa bai yi ƙuri'a ba. Odita zai tambaya.

Ba ka faɗi sharaɗin nasa ba, kuma nan ne hanya ta rabu biyu, rabuwa mai nisa. A ce hannun jari 60,000 ne. Idan sharaɗin na aikin kamfani ne, misali riba ta kai wani adadi ko ciniki ya ƙaru da kashi kaza, ana ɗaukarsa kamar sharaɗin zama a aiki: ƙima 40 ce cikakkiya, duk ƙarshen zango ka tambayi kanka ko ana sa ran cimma burin. Idan eh, ka rubuta kason 2,400,000. Idan a shekara ta uku ya tabbata ba a cimma ba, ka warware duk abin da ka tara, jimlar ɗawainiya ta koma sifili. Idan kuwa sharaɗin na kasuwa ne, misali farashi ya kai riyal 55, ko ribar masu jari ta fi ta wasu kamfanoni takwarori, to yiwuwar faruwarsa tun farko ake cusa ta cikin ƙimar. Masanin ƙiyasi zai yi amfani da tsarin Monte Carlo, kwamfuta ta zana dubban hanyoyin da farashi zai iya bi, ya ce maka misali riyal 22 ne kowane ɗaya. Ɗawainiya 1,320,000 ke nan, kuma muddin shugaban ya cika shekarunsa tana nan daram, ko farashi bai taɓa shinshinar 55 ba, ko bai tashi da hannun jari ko ɗaya ba. Wannan yana yi wa majalisun daraktoci ciwo idan suka ji shi a ƙarshe, shi ya sa nake ganin haƙƙin akanta ne ya faɗa musu tun ana rubuta sharaɗin. Hikimar ita ce an riga an yi ragi tun ranar farko, daga 40 zuwa 22, saboda yiwuwar rashin cimmawa. Idan aka sake warwarewa an ci ragin sau biyu.

Sannan kason nasa dole ya fito daban a bayanan da ke bin rahoto. IAS 24 ya buƙaci a bayyana abin da manyan jami'ai suka samu kashi-kashi, kuma biyan da aka yi da hannun jari layi ne mai zaman kansa. Adadin da ake sakawa shi ne ɗawainiyar da aka rubuta a shekarar, ba darajar abin da aka miƙa masa ba.

Waɗanda za a biya da kuɗi

Waɗannan kada ka haɗa su da na farko ko kusa. Tunda riyal zai fita, abin bashi ne a kan kamfani, ba haƙƙin masu jari ba, kuma bashi ana sake auna shi duk ranar rahoto har ranar biya. Don ka ga girman bambancin, a ce duk mutum 200 ɗin nan kuɗi za a ba su. Ƙarshen 2024 farashi 52: 180 sau 500 sau 52, kashi ɗaya cikin uku, 1,560,000. Ƙarshen 2025 farashi ya faɗi 35: bashin da ya taru 1,995,000, ɗawainiyar shekara 435,000 kacal. Ƙarshen 2026 ya tashi 60: bashi 5,160,000, ɗawainiyar shekara 3,165,000. Mutane ɗaya, aiki ɗaya, amma ribar kamfani tana rawa da kiɗan kasuwa. Idan an jinkirta biya bayan cancanta, ana ci gaba da aunawa, bambanci yana shiga riba da asara.

Ka karanta takardar da kyau a kan waye ke da zaɓi. Idan ma'aikaci ne zai zaɓa tsakanin kuɗi da hannun jari, akwai ɓangaren bashi tilas, domin zai iya tilasta wa kamfani biya. Idan kamfani ne ke da zaɓi, ana ɗaukarsa na hannun jari, sai fa idan kamfanin ya saba biya da kuɗi ko ya sanar cewa haka zai yi. A aikin binciken littattafai an fi kama mutane a nan: takarda ta ce hannun jari, amma shekara uku a jere duk wanda ya cancanta kuɗi ake tura masa. Al'ada ta rinjayi takarda, shirin ya zama bashi.

Inda ƙafa ke zamewa

Rabo mai hawa-hawa shi ne na farko. Idan maimakon a jira shekara uku ana sakin kashi ɗaya cikin uku duk shekara, ba a raba jimla gida uku daidai. Kowane kashi kyauta ce mai wa'adinta. Mutum mai hannun jari 300 a kan 40, riyal 12,000: kashin farko 4,000 duk a shekarar farko, na biyu 2,000 sau biyu, na uku wajen 1,333 sau uku. Shekarar farko ta ɗauki 7,333, ta biyu 3,333, ta uku 1,333. Sama da kashi 60 cikin ɗari a shekarar farko, ba 33 ba.

Na biyu, bambancin tafiyar ma'aikaci da soke shiri. Wanda ya bar aiki kafin wa'adi, ko shi ya ajiye ko sallamarsa aka yi, bai cika sharaɗi ba, ana warware nasa. Amma idan kamfani ne ya soke shirin, misali saboda kasuwa ta faɗi, ba a warware komai. Akasin haka ma, duk abin da ya rage ana rubuta shi nan take kamar wa'adi ya cika yau. Haka idan aka sauya sharuɗɗa: sauyin da ya ƙara wa ma'aikaci daraja ana auna ƙarin a ranar sauyi a ɗora a kan na asali, sauyin da ya rage masa kuwa ana yi kamar bai faru ba. Ka lura kuma da masu ritaya ko rasuwa. Idan takarda ta ce mai ritaya ba ya rasa kasonsa, wanda saura wata takwas ya yi ritaya wa'adinsa wata takwas ne, ba shekara uku ba.

Idan wasu cikin mutum 200 ɗin a ƙananan kamfanoninku suke aiki, ɗawainiyar a littafin kamfanin da ya ci moriyar hidimar take zama. Uwar kamfani ce ta yi alkawari da hannun jarinta: ƙaramin ya rubuta ɗawainiya, da'in ya zama gudunmawar jari daga uwa, ita kuma uwa a littafinta na kanta ta ƙara darajar jarinta a ƙaramin. Idan ƙaramin ne da kansa ya ɗauki nauyin samo hannun jarin uwa ya ba mutanensa, a littafinsa bashi ne, duk da cewa a rahoton haɗaka na hannun jari ne.

Kada ka manta da ribar kowane hannun jari a ƙarƙashin IAS 33. Guda 100,000 da aka saya suna fita daga matsakaicin adadin da ke yawo tun ranar saye, waɗanda aka yi alkawari kuma suna shiga lissafin ribar da aka tsarma, wato ribar kowane hannun jari idan an ƙirga har da waɗanda za a iya miƙawa nan gaba. Ka tabbata kuma duk abin da ke ajiya bai wuce kashi 10 cikin ɗari na wannan nau'in hannun jari ba, wanda shi ne iyakar da ƙa'idojin CMA suka sa.

Ban yi dogon bayani a kan zaɓin saye ba, wato ba ma'aikaci damar sayen hannun jari nan gaba a kan farashin da aka yanke yau, saboda shirinku ba shi ba ne. Idan ya zo, tsarin rubutawa ɗaya ne, ƙimar ce kawai ake fitarwa da lissafi irin na Black-Scholes na 1973, da abubuwa shida: farashin yau, farashin saye, tsawon lokaci, yawan hawa da saukar farashi, rabon riba, da ribar da ba ta da kasada. Majalisar Fiƙihu ta Musulunci a zamanta na Jidda a 1992 ta ce kwantiragin zaɓi yadda ake cinikinsa a kasuwannin duniya bai halatta ba, don haka duk kamfanin da ke tunanin wannan hanya ya fara da kwamitinsa na shari'a kafin ya zo wurin akanta.

Amsata ta tsaya ne a kan abin da ka rubuto, ban ga takardar shirin ba, kuma jimla ɗaya a cikinta tana iya juya hukunci. Batun zakka da harajin kuɗin shiga kuma, musamman idan akwai baƙi cikin masu jarinku da kasonsu ke biyan kashi 20 cikin ɗari, ka kai wa mai kula da fayil ɗinku a ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, domin lokacin da littafi ya rubuta ɗawainiya ba lallai ne ya zama lokacin da za a amince a cire ta ba, kuma daga nan harajin da aka jinkirta ke tasowa. Idan har kun riga kun fitar da rahoton 2024 ba tare da 1,200,000 ɗin nan ba, wannan ba sauyin ƙiyasi ba ne, kuskure ne a ƙarƙashin IAS 8, mizanin da ke hukunta sauyin ƙiyasi da gyaran kurakurai. Ku auna girmansa a kan ribar shekarar tare da odita da kwamitin bincike, idan ya kai mizanin muhimmanci sai a gyara alƙaluman kwatance na 2024 a rahoto mai zuwa, a kuma bayyana dalili.